Likitan Haƙorin Da Ya Ƙi Komawa Aji

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, likitan haƙori, mai saurin hannu. Kafin ka gama buɗe baki ya cire maka haƙori. Yabo ya shiga kansa.

Duk sanda aka kira likitoci bita kan raunin dasashi, yadda ake wanke shi da yadda ake ɗinke shi, sai ya leƙa, ya sha lemo, ya tsaya a hoto, ya sulale. Takardar shaida kuwa ya rataye ta a bango. Yakan ce, "Ni za a zaunar a benci kamar ɗan makaranta?"

Wata rana da rana tsaka matarsa ta faɗo ɗakin aikinsa, riƙe da 'yarsu. Babur ya kayar da yarinyar. Dasashin sama ya tsage, jini har ƙirji.

Ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ya buɗe durowa ya rufe. Ya dubi bango, takarda ba ta ce masa komai ba. A tsallaken titi akwai wani likita da ya zauna bitar nan har ƙarshe. Matar ta ce, "Baban yara, mu tsallaka da ita mana."

Ya ce, "In kai 'yata wurin wani? Me mutane za su ce?"

Ya goge jinin sama-sama, ya ɗinke, da yashin titi a ciki. Baki ya kumbura, ya yi mugunya. Kafin ya yarda a tsallaka, dasashin ya lalace, haƙoran gaba sun tafi.

Me mutane suka ce? Cewa suka yi, wanda ya kasa bakin 'yarsa, wa zai ba shi nasa? Kujerar cire haƙori ta yi ƙura. Wannan ma da sauƙi. Yarinyar da dariyarta ke cika gida, yanzu in abin dariya ya zo sai ta sa hannu ta rufe baki. In ubanta ya shigo, ta tashi ta bar ɗakin.

Ya 'yan uwa, girman kai rawanin tsiya ne. Ilimin da ka rataye a bango ba ya tsayar da jini. Wane nauyi ke cikin "ban iya ba"? Kai da ka raina koyo, ka san wa za a kwantar a gabanka gobe?

Allah ya kiyaye mu da jin kunyar koyo, ya tsare na hannunmu daga jahilcinmu. Amin.