Abin da Ya Sa Ba a Taɓa Rema a Dutsen Tunau

Tun ba a yi ko hanyar jaki a wajenmu ba, fari ya koro wani maharbi, Tunau, shi da matarsa Kyauta da tsohuwarsa, har gindin dutsen nan. Can sama akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, sai suka zauna. Tunau na Kyauta, kibiya ɗaya nama biyu! Haka ake masa kirari.

Dutsen fa cike yake da rema. Kun san rema ai, ɗan abin nan kamar zomo marar dogon kunne, mai shan hantsi a kan duwatsu. Ga kitse, ga sauƙin kamu. Tunau ya bi ya ɗana tarkuna ko'ina, kafin damina ta wuce ya kusa ƙarar da su.

Wata safiya Kyauta ta ɗau tulu ta hau. Tsohuwa na kaɗi a inuwa, sai ta ajiye mazari ta dubi Tunau.

"Kai, me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Inna."

"To shi ne! Ina 'yan ihun nan? Su ke sanar da mu in damisa ta fito. Ka cinye masu gadi, acici, ka tura 'yar mutane ita kaɗai!"

Wallahi ko takalmi bai tsaya sawa ba. Yana hawa, dutse tsit, ko tsuntsu babu. A wata 'yar laka ya ga sawun Kyauta, ga sawun damisa a kansa, ruwa bai ma gama taruwa a ciki ba. Ya bi sawun a hankali.

Ya hango Kyauta a tsugune tana cika tulu. Amma damisar fa? Ciyawa ta kai ƙirji, ko'ina kogo. In ya yi kira, matar ta miƙe, shi ke nan.

Sai ya ji motsi kusa da ƙafarsa. Rema ce a tarkonsa, da ranta. Nan take ya kwance ta. Ta haye dutse, ta tsaya cak, ta kalli wani faifan dutse da ke saman kan Kyauta, ta tsala ihu.

Nan ya ga bakin wutsiya na motsi. Ya saki kibiya daidai lokacin da damisar ta diro. A kan tulu ta faɗo. Kyauta ta tsira da tabo uku a kafaɗa, har ta tsufa ba ta ƙara hawa ita kaɗai ba.

Ranar Tunau ya ƙone tarkunansa duka.

Har yau ba mai kashe rema a dutsen. 'Yan makaranta da baƙi masu zuwa hawa da ɗaukar hoto, duk sai sun tsaya a wurin da ake cewa Masaurara, kowa ya yi shiru. In an ji rema na 'yan koke-kokensu, a wuce. In kuwa an ji tsit, ba mai gardama, juyawa ake yi.