Surayya da Ƙafar Hajiya Mairamou

Akwai wata matashiya a unguwar Akébé mai suna Surayya. A nan Libreville aka haife ta. Mahaifinta, Malam Saliou, mutumin Maraɗi ne, direban taksi.

Da suka gama sakandare, ƙawarta Aïssata ta zaɓi karatun banki. Surayya kuwa ta zaɓi aikin kine, wato aikin masu motsa gaɓoɓin wanda ya karye ko jikinsa ya shanye, har su dawo aiki.

Shekaru suka ja. Aïssata ta samu aiki a banki, ta sayi mota, ta kama gida a unguwar Okala. Surayya ta yi ta yawo da dipulom ɗinta daga wannan asibiti zuwa wancan, ana ɗaukarta sitaj, wato koyon aiki, ba ko dala. Daga baya wani ƙaramin kilinik ya ɗauke ta, da albashin da kuɗin taksi da abincin rana ke cinye mafi yawansa.

Ta haura talatin tana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta. Idan ƙawaye suka fitar da ankon biki, sai ta ce tana da aiki ranar.

Ana cikin haka mai gidansu ya ƙara kuɗin haya. Aïssata ta ji labari, ta zo har gida.

"Surayya, ana neman mai tarbar mutane a wurinmu, kuma na yi miki magana," in ji ta. "Albashin ya ninka naki. Ki ba ni amsa kafin ƙarshen wata."

Surayya ta yi godiya, ta ce za ta yi shawara. A ranta kuwa ta riga ta fara tunanin irin kayan da za ta riƙa sawa zuwa bankin.

A cikin makon ne wani direban babbar mota mai suna Rabiou ya yi sallama da mahaifinta. Mahaifiyar Rabiou, Hajiya Mairamou, ta zo daga Tawa ganin jikoki, sai ɓarin jikinta ya shanye. An sallame ta daga asibiti, an ce a kai ta wurin kine. Ba ta jin Faransanci, kuma ta rantse namiji ba zai taɓa jikinta ba.

"Ba zan ɓoye muku ba, Malam, ba ni da ƙarfin kilinik," in ji Rabiou. "Ko dubawa ce, 'yarku ta taimaka ta duba ta."

Washegari da ta tashi daga aiki, Surayya ta nufi gidansa a unguwar Oloumi. Ta tarar da tsohuwar kwance a katifa, ta juya fuskarta ga bango.

"Inna, sannunku da jiki."

Jin Hausa ya sa tsohuwar ta waiwayo. "'Yar nan, kar ki wahalar da kanki. Ƙafar ta mutu. Ni ma lokaci nake jira."

Surayya ta durƙusa, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ɗumama ta da tafin hannu. Ta ce ta gwada lanƙwasa yatsu. Shiru. Ta sake cewa ta gwada. Can sai babban yatsan ya ɗan girgiza.

"Inna, ku duba. Abin da ya mutu ba ya motsi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon yatsan nan, hawaye na gangarowa zuwa kunnenta.

Surayya ta san irin wannan jinyar tana son a zo kusan kullum, wata da watanni. Ta kuma san idan ta shiga banki, ita da wannan aiki sun rabu ke nan. Ta zauna da mahaifinta ta faɗa masa komai.

"Idan kin karɓi na banki zan yi murna, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Malam Saliou. "Bayana ya gaji da kujerar mota. Amma tun da kika dawo daga Oloumi fuskarki ta sauya. Ki zaɓa, ni ba zan riƙe ki da komai ba."

Ta kira Aïssata ta ba ta haƙuri, ta ce ba za ta karɓi aikin bankin ba. Aïssata ta ji zafi ƙwarai, ta daɗe ba ta neme ta ba.

Zaɓin bai zo da sauƙi ba. Hayar ta gagare su, suka koma wani ƙaramin gida a gangaren unguwa, inda ruwa ke shiga tsakar gida duk lokacin da aka yi mai ƙarfi. Duk da haka Surayya ba ta fasa zuwa Oloumi ba. Wata rana tsohuwar ta yi haƙuri, wata rana zafi ya sa ta kore ta da faɗa. Washegari sai ga ta ta dawo da sallamarta.

Hajiya Mairamou ta fara zama da kanta. Ta fara tsayawa tana dafa bango. Ranar sunan jaririn da aka haifa wa Rabiou, mata sun cika tsakar gida, sai ga ta ta fito daga ɗaki da sanda, tana jan ƙafa a hankali, ba mai riƙe da ita. Wurin ya kaure da guɗa da kabbara.

Ta ƙi zama sai da aka kawo mata Surayya. Ta ɗaga hannunta sama ta ce, "Ku gan ta nan. Bayan Allah, wannan yarinyar ce ta tashe ni."

Daga ranar wayar Surayya ba ta huta ba. Ashe gidaje da yawa akwai irin Hajiya a kwance, ga direbobi masu ciwon baya, ga matan da haihuwa ta bar su da ciwon ƙugu. Dukansu mai jin yarensu suke nema.

Aïssata ce ta dawo da kanta, ta zaunar da ita. "Idan kika ci gaba da yi kyauta, za ki gaji ki daina, kowa ya rasa. Mai hali ya biya, ki faɗi kuɗinki ba kunya. Marar hali ki taimaka masa." Ita ta taya ta neman takardun izini, har ta buɗe ɗan wurinta a Oloumi.

Yau Surayya ce ke ɗauke da gidansu. Samunta bai kai na Aïssata ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Kwanan baya Aïssata ta tambaye ta ko ta taɓa yin nadama.

"Na yi mana," in ji ta tana dariya. "Ranar da muka kwashe kaya, kuka na yi ta yi a bayan mota. Amma ko yau aka sake tambayata, Oloumi zan nufa."

Darasi: Gaskiya ne sana'ar da ka zaɓa tana shafar abin da ke shiga aljihunka, kuma wata sana'ar tana daɗewa kafin ta fara ciyar da mai ita. Kada ka raina aikinka don na wani ya riga naka kawo kuɗi. Ka ƙware, ka nemi mutanen da ke buƙatarka, ka tausaya wa marar hali, kuma kada ka ji kunyar karɓar haƙƙinka. Ku tura wa duk matashin da kuka san yana gab da karaya da sana'arsa.