Na'urar da Ba Ta Barci da Firjin Maman Afiniki

A wani gari na kan tudu, inda wutar gwamnati takan leƙo kamar baƙuwa ta koma, an yi wani maigida manomin dankali. Yana da farantan sola a kan rufinsa da batir a lungun ɗaki. Sunan 'yarsa Afiniki, don haka ake kiransa Baban Afiniki, matarsa kuma Maman Afiniki. Su ma haka suke kiran juna. Shi mutum ne mai jinkirin magana. Ita kuwa mai fara'a ce, tana da firji, tana sayar da kunun aya da zoɓo mai sanyi a ƙofar gida.

A ikilisiyarsu akwai waƙoƙin da tsofaffin matan zumunta suka ƙaga da harshen garin, ba a kuwa rubuta su ko'ina ba. Matasa suka bi gida-gida suka ɗauki muryoyin tsofaffin da waya. A cikin muryoyin nan akwai ta mahaifiyar Maman Afiniki, wadda ta daɗe tana ba da waƙa mata suna amshi, ta kuma rasu kafin girbin bara.

Wata ranar Lahadi fasto ya sa aka ɗora wani baƙin akwati na ƙarfe a kan tebur. Ya ce wani ɗan garin da ke aiki a birni ne ya aiko da shi kyauta. Kwamfuta ce, amma ba irin wadda ake zama a gabanta ba. Masu aikin suna kiranta saba. Aikinta shi ne ta ajiye waƙoƙin, ta kuma miƙa wa duk wanda ya nema ta wayarsa, ko yana Legas ko yana bayan teku. Sai dai ba ta barci, ba a kashe ta, ɗakin sujada kuwa ba ya samun wuta sai ran Lahadi idan an ta da janareta.

Fasto ya ce, "Wane gida ne zai karɓe ta?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Baban Afiniki bai ɗaga nasa ba. Bayan an tashi ya je wurin fasto ya roƙa a ba shi aron na'urar mako ɗaya kafin a yanke shawara, aka ba shi.

A hanyar gida yana ɗauke da akwatin a kafaɗa, matarsa tana gaba, har suka wuce famfo. Sa'an nan ta juyo.

"Baban Afiniki, muryar Mama tana cikin abin nan. Har Dattijo Irmiya, da ko ƙwan fitila babu a gidansa, ya ɗaga hannu. Kai mai sola ka naɗe naka."

Ya ce, "Na gani."

"Ka gani? Shi ke nan?"

"Idan na ce na karɓa, ba na so wata rana a nemi Mama a ji shiru. Bari in san cinta tukuna."

Ta yi gaba, idanunta cike da hawaye. Ba ta gane maganarsa ba a ranar.

Mutumin nan fa ya ajiye na'urar kusa da batir. A bayanta an rubuta wat ɗari biyar, wat kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin cin wuta. Da ya gani sai ya san rufinsa ba zai iya ciyar da wannan ba. Amma bai tsaya ga rubutun ba. Ya kashe kome na gidan, ya kunna ta ita kaɗai, ya zauna yana duban fuskar inbata, wato na'urar da ke rarraba wutar batir, wadda take nuna abin da ake ja. Sai ya ga ba ta kai ko ɗari ba. Ashe abin da aka rubuta iyakar ƙarfinta ne, ba abincinta na kullum ba.

Ya taɓa jikinta ya ji ɗumi, ya gane sai da fanka. Ya tuna kuma ba za ta kai wa kowa waƙa ba sai da akwatin intanet. Ya haɗa su duka uku, suka tashi wat ɗari da ashirin. Ran Laraba, da 'yan kwaya, wato mawaƙan ikilisiya, suka taru, ya roƙe su kowa ya buɗe waƙa a wayarsa a lokaci guda, don ya ga inda cinta zai kai. Ya ɗan ɗaga kaɗan, ya sauko. A nan ya fahimci wani abu: ko ana saurare ko ba mai saurare, cinta kusan ɗaya ne. Yawancin wutar tana tafiya ne wajen zama a faɗake, tana jiran mai nema.

Kwana da kwanaki yana dawowa daga gona ya zauna gaban inbata. Wata yamma matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu. Fushin ya fara sauka, tsokana ta dawo.

"Ko lokacin da kake nemana ba ka zauna ka ƙura mini ido haka ba."

Bai ɗago ba, ya ce, "Na ƙura. Ke ce ba ki lura ba. Sai da na gina ɗakin nan na sa masa rufi kafin na buɗe baki a gidanku."

"Shi ya sa saura kaɗan malamin makaranta ya riga ka."

"Malamin yana ina yanzu?"

Ta yi dariya, ta ajiye masa kunun.

Ran Asabar ya kira ta, ya ce ta zauna. Ya yi mata bayani a hankali, da tsakuwa a ƙasa, kowace tsakuwa yunit ɗaya, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Ya ce wat ɗari da ashirin, dare da rana ba hutu, ya kusa yunit uku a yini. Fitilu da cajin waya suna cin ɗaya. Firji yana cin biyu. Ya jera tsakuwa shida. Ya ce da rani rufinsu yana ba da shida, kowa zai ƙoshi.

Ta ce, "To, ai ya isa!"

Ya ɗebe tsakuwa biyu. "Shidan nan na rani ne. Na daɗe ina lura, a watan Agusta, idan hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, huɗu muke samu. Ban yi lissafi da watan da rana take dariya ba. A Agusta, ko na'ura ko firji. Firjin kuwa naki ne, sana'arki ce, ba zan taɓa shi ba. Sauran na ɗauka: kunya goma na dankali na ware a gona kowace shekara, don batir zai tsufa, data kuma sai an saya. Amma tsakuwa biyun nan na juya su ta ko'ina, ban san inda zan samo su ba. Gobe zan mayar wa fasto."

Sai a lokacin ta ga idanunsa sun yi ja. Ta gane ashe duk makon nan hanyar karɓa yake nema, ba ta tserewa ba.

Ta daɗe tana duban tsakuwar. Can sai ta fashe da dariya, har ta riƙe ciki.

"Baban Afiniki, kai ka san wuta, amma ba ka san kasuwa ba. Wa ke shan zoɓo mai sanyi a Agusta a kan tudun nan? Kowa yana rawar ɗari cikin suwaita! Bara kunun da na zuba a firji ni da Afiniki muka shanye rabinsa. Watan da rana ta ɓuya shi ne watan da ba a neman sanyi. A kashe firjin. Masara zan gasa, in dama kunun gyaɗa mai zafi."

Ta miƙa hannu ta ɗauke tsakuwa biyu na firjin da kanta, ta ƙulle su a bakin zanenta.

Kashegari suka tsaya tare a gaban ikilisiya. Suka faɗi abin da na'urar take ci, da abin da za su yi a rani, da abin da za su yi a damina. Dattijo Irmiya ya miƙe ya ce shi dai ba shi da wuta, amma datar wata biyu a wuyansa take. Jama'a suka yi tafi, aka ba su na'urar.

Agusta ya zo, sama ta rufe. Aka wanke firji aka bar ƙofarsa a buɗe. Maman Afiniki ta zauna a zaure tana fifita garwashi, na'urar kuwa tana ƙugi a hankali a lungunta, ƙaramar fitilarta koriya ba ta mutu ba. Wata safiya ana yayyafi ƙanenta ya kira daga Fatakwal. Ya ce matarsa ta haihu, mace, sun sa mata sunan Mama. Ya ce jaririyar ta ƙi yin shiru, sai ya nemi waƙar Mama a waya, ta kuwa zo nan take, yarinyar ta yi barci. Maman Afiniki ta riƙe wayar a ƙirji, ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ɗauki masara ɗaya ya juya ta a kan wuta, don kada ta ƙone.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Na'urar ita ce alkawari, kowane irin alkawari: wanda muka yi wa Ubangiji ranar baftisma, da wanda ake yi a gaban bagade ranar aure, da wanda ka yi sa'ad da ka ce za ka riƙe ajin yara ko za ka kula da tsohuwarka. Ɗaga hannu ba shi da wuya, ba kuwa laifi ba ne. Amma alkawari ba ya barci. Yawancin abin da zai ci daga gare ka, zai ci ne a ranakun da ba mai kallo, ba mai tafi, kana nan kawai a faɗake ko wani zai bukace ka.

Waɗansunmu sukan ga babban rubutun da ke bayan akwati su gudu, su ce bin Ubangiji ya fi ƙarfinsu, alhali ba su taɓa zama sun auna ba. Da sun auna, da sun tarar nauyin na yini ɗaya ne, yini ɗaya kuma ana iya ɗaukarsa. Waɗansu kuma sukan yi lissafi da rani kaɗai, da lafiya da aiki da farin ciki, su manta kowane rai yana da Agustansa. Mutumin nan abin yabo ne domin ya yi lissafi da watan duhu. Ya kuma yi shi ne don ya iya tsayawa, ba don ya sami dalilin tserewa ba. Ku 'yan mata, idan saurayi ya yi jinkirin alkawari, ku duba ku gani, ƙofar fita yake nema ko rufi yake ɗorawa. Su biyun daga nesa kamarsu ɗaya.

Amma ku lura, lissafinsa shi kaɗai bai kai ba. Ya tsaya a kan tsakuwa biyu, sai da ya faɗi gaskiyar gazawarsa ga wadda take kusa da shi. Amsar tana hannunta tun farko. Haka Allah yakan ɓoye ragowar ƙarfinmu a wurin ɗan'uwa, don kada mu yi tafiya mu kaɗai. Firjin kuwa ba zunubi ba ne, abu ne mai kyau. Wani lokaci abu mai kyau ake kashewa na ɗan lokaci domin abin da ya fi shi ya rayu, sau da yawa kuma sai mu tarar Uba ya riga ya shirya, lokacin da za mu ajiye shi shi ne lokacin da ba mu cika bukatarsa ba.

Mai Cetonmu ma ya san abin da ƙaunarmu za ta ci daga gare shi tun kafin ya zo. Ya san watan duhun, ya auna shi har ƙarshe, sa'an nan ya ce ya karɓa. Shi ya sa ko daga wace nisan duniya ka kira shi, ko sama ta rufe, ba za ka ji shiru ba.