Telekomand ɗin Alhaji Attahir

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Tawa, ana ce masa Alhaji Attahir. Yana da babban shagon yadi a kasuwa, yana kuma da baki mai zafi.

Wata shekara wani mai gyaran rediyo, Aghali, wanda ya zo daga wajen Takanamat, ya ajiye ɗan teburinsa a inuwar shagon. Alhaji ya fito ya ture teburin da ƙafa a gaban jama'a.

"Kwashe tarkacenka," in ji shi. "Nan ba juji ba ne."

Aghali ya durƙusa ya tsince ƙusoshinsa daga cikin yashi, ya koma can bakin tasha cikin rana.

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji. Ƙafa ta ƙi, hannun dama ya ƙi, harshe ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a ɗaki. Matarsa Hajiya Mariama ta karɓi shago, don haka tun safe har azahar shi kaɗai yake kwance yana kallon rufi.

Ɗansa Moussa da ke Abijan ya aiko da tele, wato talabijin, da manyeto na kallon kaset ɗin bidiyo, da telekomand guda mai sarrafa su duka. Ya haɗo da kaset ɗin sunan jikan da Alhaji bai taɓa gani ba. Aka saita masa babban maɓalli ɗaya, saboda hannun hagunsa na rawa. In ya danna, na'urorin biyu su kama. In ya sake dannawa, su mutu.

Matsalar ita ce ana yawan ɗauke wuta a lokacin. In ta dawo, manyeto ya tashi da kansa, tele kuwa ta tsaya a kashe. Alhaji ya danna, tele ta kama, manyeto ya mutu. Ya sake dannawa, manyeto ya kama, tele ta mutu. Ko dai allo mai ƙarar shuuu, ko baƙin gilashi. Na'urorin suna kan kabad taku huɗu daga gadonsa, amma ba shi da taku ko ɗaya.

Wata rana Hajiya ta dawo ta tarar da telekomand a ƙasa, tele na ta shuuu, Alhaji ya juya fuska bango, matashi ya jiƙe da hawaye. Tun hantsi yake kira, muryarsa ba ta wuce ƙofa ba.

Ta kira masu gyara biyu. Kowa ya ce haka aka ƙera abin, sai dai mutum ya tashi ya danna da hannu. Na biyun ya ce, "Hajiya, in akwai mai iyawa, Aghali na bakin tasha ne."

Ta san abin da ya faru tsakaninsu. Ta yi kwana biyu tana jin nauyi, sannan ta je.

"Malam Aghali, na zo da kunya," ta ce. "In ka ƙi, ba ni ganin laihinka."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Yaya jikin Alhajin?"

Da la'asar ya zo. Da Alhaji ya gane shi, sai ya runtse ido. Aghali ya gaishe shi, ya zauna kan tabarma, ya karɓi ɗan littafin da ya zo da telekomand ɗin.

"Hajiya, maɓallin ga bai san kunnawa ba, bai san kashewa ba," ya ce. "Juyawa kawai yake yi. Amma wasu na'urori suna da umarni biyu ɓoye. Ɗaya kunnawa kaɗai ya sani, ɗaya kashewa kaɗai. Wanda ke kunne, in aka ce mishi kunnu, sai ya yi zamanshi."

"To ina suke?"

"Ba su cikin littahi. Sai an gwada lamba bayan lamba."

Haka ya yi. Ya shigar da lamba uku, ya danna, ya duba, ya rubuta a bayan kwali. Wata lambar ta canza tasha, wata ta ɗauke murya, da yawa ba su yi komai ba. Rana ta farko ba a samu ba. Rana ta biyu ya samu na tele. Sai rana ta huɗu manyeto ya amsa.

Ya ɗora kunnawa kan maɓalli ɗaya, kashewa kan wani, ya manna 'yar fata a kan na kunnawa don yatsa ya gane shi. Ya zare waya daga bango, ya mayar, kamar an ɗauke wuta an kawo. Sannan ya sa telekomand a hannun Alhaji.

Alhaji ya danna. Hoto ya fito, ga Moussa riƙe da jariri.

Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya kamo hannun rigar Aghali, bakinsa na kokawa da kalma. Da ƙyar ta fito: "Gahara."

"Ban manta ba, Alhaji," in ji Aghali. "Amma na yahe."

Ya dubi ɗakin, ya dubi tagar da ke rufe, ya tambayi Hajiya yaushe rabon Alhaji da waje. Ta ce wata bakwai, ba mai iya ɗaukarsa.

Aghali ya juya baya ya durƙusa a bakin gado. Ya goya Alhaji har ƙofar gida, ya zaunar da shi kan kujera. Maƙwabta masu dawowa daga masallaci suka tsaya, suka fara miƙo masa hannu ɗaya bayan ɗaya.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don yau kana tsaye da ƙafarka, lafiya ba a hannunka take ba. In kuma wanda ya zalunce ka ya faɗi, kada ka bar shi a kwance. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila a unguwarku akwai marar lafiyan da aka manta a ɗaki.