Cuku Mai Gurbi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauke mu.

Wasu 'yan mata ne su biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Dudu ce babba, Hajjo ce ƙarama. A ruga aka haife su, can cikin daji. Uwarsu mai yin cuku ce. In an tatso madara da safe, sai ta ɗiga mata abin da ke sa ta kama, ta kwasa da ludayi, ta zuba a kan wani ɗan asabari da aka saƙa da tsinken gamba, ta baje da tafin hannu, ta kai rana. In cukun ya bushe sai ka ga shatin asabarin a jikinsa, layi-layi.

Wata rana Hajjo tana son sa kwalli, manya suka hana ta tsinkensu. Sai ta zare tsinke ɗaya daga asabarin, na uku daga gefe. Uwar ta dawo ta ga gurbi, ta ce, "Wa ya yi mini wannan aiki?"

Dudu ta ce, "Ni ce, Inna."

Aka tsula wa Dudu bulala uku, Hajjo kuwa tana laɓe a bayan maraƙi, kwalli har kumatu. Uwar ba ta gyara asabarin ba. Tun daga ranar cukun gidansu yake fitowa da layi ɗaya mai kauri, inda madara ta kwanta a gurbin.

Ana nan sai aka yi shekarar fari. Shanu suka yi ta faɗuwa. Uban ya rasu, uwar ta bi shi. Dangi suka taru suka raba yaran. Baffansu ya ɗauki Dudu, ya kora ragowar shanun ya yi arewa. Goggonsu ta ɗauki Hajjo ta kai ta gari. Dudu ta tafi da asabarin. Hajjo ta tafi da tandun kwallin uwarsu, tsinken nan yana ciki.

Hajjo ta girma a gari, ta yi aure, ta haihu, ta aurar, mijin ya rasu. Shekara arba'in ba ta ji ɗuriyar Dudu ba. Duk wanda ya zo daga arewa sai ta tambaye shi. Duk safiya kuma da tsinken nan take sa kwalli.

Wata ranar kasuwa ta tsaya gaban mai tallan cuku. Ta ɗauki ɗaya ta juya, sai ta ga layi mai kauri, na uku daga gefe. Ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, daga ina wannan?"

Ya ce, "Daga wata ruga a bakin gulbi, inda gawo uku suke tsaye. Tafiyar kwana biyu ce ga mai ƙafa."

Washegari Hajjo ta ɗaura guzuri, ta sa tandunta a lalita, ta fita. A ƙofar gari ta tarar da Gizo yana shan hantsi. Ya ce, "Goggo, sai ina da kaya haka?"

Ta ce, "Rugar masu cuku za ni, neman yayata."

Gizo ya ji an ce cuku, ya san inda ake tatsa ba a rasa yanka. Ya ce, "Haba Goggo, ina raye ki ɗauki kaya? Kawo." Ya karɓa ya ɗora a kai. Kafin su kai gulbi kayan ya yi sauƙi ƙwarai, don ya cinye rabin guzurin.

Suna tafe Hajjo tana yi wa yayarta, wadda take kira Adda, waƙa a hankali:

"Cuku mai gurbi, wa ya baje ka?
Wa ya kai ka rana, wa ya juya ka?
In hannun Adda ne, ka ce da ita,
Hajjo na tafe, ƙafa ce ta tsufa."

Suka isa gawo uku. Bukka biyu ce da garken awaki. Mai gidan, wani dattijo Baba Jaɓɓi, yana zaune yana yanka nama fale-fale, yana shanyawa a kan gadon kara, ga ƙwaryar labu, haɗin gyaɗa da yaji na kilishi, a gefensa. Matarsa Daso tana baje cuku. Hajjo ta yi sallama, idonta yana kan hannun matar. Aka shimfiɗa musu buzu, aka kawo nono mai sanyi.

Da suka sha, Hajjo ta ce, "Baiwar Allah, me ya sa asabarinki ya rasa tsinke ɗaya?"

Daso ta ce, "Ai don ruwan madara ya samu hanyar tsiyayewa ne. Cukun ya fi saurin bushewa."

Hajjo ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Wa ya koya miki?"

"Wata Dudu ce. Sun yi rani biyu a nan kusa da mu ita da ɗanta. Da za su tashi ta ba ni asabari ɗaya, ta ce in na saƙa sabo in bar na ukun, kada in cike. Ban tambaye ta dalili ba, na dai ga kamar don ruwan ne."

Baba Jaɓɓi ya ɗago kai ya ce, "Matar nan mai rago? Na yi, na yi ta sayar mini, ta ƙi. Ta ce na ƙanwarta ne, ranar da ta zo za a yanka. Sun yi gabas, wajen fadamar kanya."

Aka ba su kilishi da cuku su riƙe a hanya. Gizo ya ce, "Goggo, mu zauna nan mana. Matar gidan nan ma ai ta yi kama da ke ta wajen kunne. Ki ce ita ce, kowa ya huta."

Hajjo ta ce, "Ɗauki kayan, Gizo."

Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, Hajjo tana waƙarta, Gizo yana taunar kilishi. Kwana uku suka isa fadamar kanya. Nan kuma shanu ne farare guda bakwai, da wata mace mai suna Kulu da 'ya'yanta mata. Sun dafa nama ya yi lugub, suna dakawa a turmi za su yi dambu. Cuku yana shanye a kan rumfa, kowanne da layinsa mai kauri. Hajjo ta daɗe tana kallon fuskar Kulu, tana neman wani abu na uwarsu a ciki, ba ta samu ba. Duk da haka ta tambaya.

Kulu ta yi dariya ta ce, "Wannan? Don rabo ne. In kin karya ta kan layin, babban ɓangare na baƙo, ƙarami na mai gida."

"Wa ya koya miki?"

"Dudu. Damina uku muka yi tare. Duk rugar da ta zauna sai ta bar musu asabari irin wannan. Har mukan tsokane ta, mu ce so take cukun duniya duka ya yi giɓi. Ba ta cewa komai. Ranar kasuwa dai takan tsaya ta ga an ɗora cukun a kan jaki, ta tambayi garin da za a kai shi."

Hajjo ta ce, "Ragon yana nan?"

"Wanda na sani ya tsufa ya mutu, ta maye da ɗansa. An ce haka take yi tun tana amarya. Amma fa idonta ya fara tafiya tun lokacin. Ban san inda suka nufa ba. Tambayi balbela, ita ke bin kowane garke."

Hajjo ta je bakin fadama ta tarar da balbela a bayan wani sa. Ta gaishe ta, ta tambaye ta. Balbela ta ce, "Na san ta. Ita ce ba ta bari a jefe ni. Ki bi wannan burtali har ki ga dutse mai kama da tukunya a kife. Suna bayansa. Ki yi sauri, yanzu ba ta iya zuwa ko bakin garke."

Suka kama burtali. A hanya kewa ta cika wa Hajjo ciki, ta rasa wanda za ta gaya wa, sai ta gaya wa Gizo. Ta ba shi labarin asabarin da tsinken da bulala uku. Gizo yana cewa "Allah sarki," amma zuciyarsa tana kan ragon.

Da rana ta take, ga dutsen nan ana hangowa, Hajjo ta ce bari ta ɗan miƙe a gindin tsamiya. Barci ya ɗauke ta. Gizo ya zare zane daga kayanta ya lulluɓa, ya ɗauke ragowar kayan, ya karyo tsinken gamba sabo, dogo, ya ruga.

Ya tarar da Dudu a ƙofar bukka, tsohuwa, idanu sun yi fari. Wani rago ƙato yana ɗaure kusa da ita. Matar ɗanta, Yalwa, tana wankin ƙorai. Gizo ya maƙe murya ya ce, "Adda, ni ce Hajjo. Na zo. A yanka ragon."

Dudu ta juyo wajen muryar. Ta ce, "Yalwa, ɗauko mini asabarin Inna." Yalwa ta shiga ta fito da shi a naɗe cikin tsumma, ya yi baƙi don tsufa. Dudu ta ce, "In ke ce, ina abin da kika ɗauka?"

Gizo ya miƙa tsinken. Dudu ta lalubi gurbin, ta zura shi. Ya shiga daidai, daga wannan baki zuwa wancan, ba ragi. Ta zare shi, ta shafa, ta kai hanci ta shinshina. Can ta ce, "Wannan bai taɓa ganin kwalli ba. Ɗanyar ciyawa nake ji. Ko wane ne kai, da yunwa ta kawo ka ka ce yunwa, da an ba ka. Yalwa, kwance ragon ya sha iska."

Yalwa ta kwance. Rago ya dubi Gizo, ya ja da baya, ya kai masa karo. Zane ya yi gefe, Gizo ya yi gefe, ya haye saman bukka ya maƙale.

A can gindin tsamiya balbela ta sauka ta tashi Hajjo, ta ce, "Tashi, abokin tafiyarki ya riga ki, ya kuma ɓata miki hanya." Hajjo ta tashi ba kaya ba zane, sai lalitarta. Ta taho tana ɗingishi, tana waƙar nan tata. Da ta zagayo dutsen ta ga tsohuwa a zaune, ta ga goshin uwarsu sak. Ta bar waƙar.

Ta durƙusa ta ce, "Adda."

Dudu ta juyar da kai. Ta ce, "Yau an kira ni da wannan sunan sau ɗaya, ya ishe ni. A ba ta nono ta wuce."

Hajjo ba ta yi gardama ba. Ta kwance lalita, ta fito da tandun, ta zaro tsinken, ta sa a tafin yayarta. Ɗan guntu ne, bai fi ɗan yatsa ba. Shekara arba'in ana goga shi a ido, ya cinye, ya yi santsi, ya yi baƙi ƙirin. Dudu ta murza shi a hankali. Ta shinshina. Ta lalubi asabarin ta zura shi a gurbin. Ko rabi bai kai ba.

Hajjo ta ce, "Ya gajarce, Adda. Ba zai cike ba."

Dudu ta ce, "Haka ya kamata ya zama." Ta miƙa hannu ta laluba fuskar Hajjo, goshi da hanci da kumatu. Ta ce, "Kin tsufa, 'yar nan."

"Ke ma."

"Har yanzu kwallin yana kai miki kumatu?"

"Na iya yanzu."

"Bulala uku na sha."

"Ina bayan maraƙi, ina ƙirgawa."

Suka yi dariya kaɗan, sai kuma kuka. Yalwa ta ajiye ƙwarya ta koma bayan bukka ta ba su wuri.

Da suka natsa Hajjo ta ce, "Adda, me ya sa kika bi ruga-ruga kina raba asabari mai giɓi?"

Dudu ta ce, "Ban san garin da aka kai ki ba. Ba ni da mai rubuta mini takarda, ba ni da inda zan aika. Na ga cuku ne kaɗai yake fita daga daji ya shiga kowace kasuwa. Na ce nawa ni kaɗai ba zai isa ba, bari in sa hannuwa da yawa. Wata rana ɗaya zai faɗa hannunki, ki juya shi." Ta ƙara da cewa, "Na so a ce ya same ki tun ina gani."

Hajjo ta kama hannunta ta mayar kan fuskarta, ta ce, "Duba da wannan. Ba inda za ni."

Da ɗan Dudu ya dawo daga kiwo aka yanka ragon. Aka soya wani, aka yi kilishi da wani. Dudu ta sa aka kai wa Daso da Kulu rabonsu, aka kuma gaya musu dalilin gurbin, wanda suka yi shekaru suna saƙawa ba su sani ba. Gizo ma Hajjo ta ce a jefa masa ƙashi a saman bukka, ko ba komai ya ɗaukar mata kaya. Kunya ta hana shi saukowa, shi ya sa har yau yake maƙale a rufin ɗaki yana leƙen ƙoran madara.

Washegari da safe aka tatso madara. Dudu ta ce a kan asabarin Inna za a zuba, guntun tsinken yana nan cikin gurbinsa. Hajjo ta riƙe ludayi, Dudu ta baje da tafin hannu. Da cukun ya bushe, layin nan mai kauri ya fito rabi, rabi ya shafe. Suka karya shi biyu suka ci.

To, kun ji. In kuna da wanda ya yi muku nisa, ku bar masa alamar da zai gane, ku yi ta bari ko da shekaru sun yi yawa. Wanda kuma ya ga alamar, ya tashi a ranar, don mai jira tsufa yake yi.

Ƙurunƙus kan balbela. Ba don Gizo ya cinye guzurin ba, da na ɓallo muku cukun kun ɗanɗana.