Maganin Kande da Usmanu Ya Shanye

Usmanu mutumin Iku ne, kusa da Suleja, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da rowa ko mugunta. Aibinsa ɗaya ne: yana son sunansa a bakin mutane fiye da komai. Gara masa ya mutu da ciwo a ciki da a ce an ji abin kunya a kansa.

A shekarar 1978 garin Suleja, wanda a lokacin ake kira Abuja, ya cika ya batse. An ce nan kusa za a gina sabon babban birnin ƙasa. Masu awon ƙasa suka sauka, baƙi suka yi ta kwararowa daga Kudu, kowa ka gani sauri yake yi. Usmanu ya jingine fartanya, ya koyi tuƙi, ya samu aikin jan Landirobar masu awo. Kai, zo ka ga tashe! Agogo a hannu, baƙin tabarau a fuska, in zai shiga Iku sai ya danna ham sau uku don kowa ya san ya dawo. Ga matarsa Kande da cikin fari. Duniya ta yi masa daɗi, har ba ya iya zama wuri ɗaya.

To, aikin yakan bi da shi ta mahaɗar Diko, inda direbobi ke yada zango, kuma akwai mata masu zaman kansu a wurin. Usmanu ya fara da gaisuwa, ya ƙare da shiga ɗaki. Ba a jima ba fitsari ya zame masa azaba, sai ka ce an zuba barkono, farin ruwa kuma yana ɓata masa wando. Ciwon sanyi ya kama shi.

Asibiti? Allah ya kiyaye, a can akwai idon sani. Sai ya zagaya ta ƙofar baya ya shiga kemis ɗin Romanus, wani Inyamuri da ya daɗe yana aikin jinya kafin ya buɗe shago. Romanus ya yi masa allura, sannan ya ce, "Direba, kana da madam a gida?"

"Akwai, tana ma da ciki."

"To sai ka kawo ta. Wannan ciwo, mace tana iya ɗauka ba ta sani ba. In ta haihu da shi, yana shiga idon yaro. Ba wasa nake yi ba."

Usmanu ya zaro ido. "In kawo ta in ce mata me? Lafiyarta ƙalau, ko jiya sai da ta yi surfe."

Romanus ya yi juyin duniya, Usmanu ya kafe. A ƙarshe ya ƙulla kafso a takarda kashi biyu, ya ce, "Wannan naka, wannan na madam. Don Allah ka ba ta, ta shanye duka."

Kwana uku ƙullin Kande yana aljihunsa. Duk sanda ya sa hannu zai ciro, sai ya tuna za ta tambaye shi maganin mene ne. Da nasa ya ƙare, sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da mai ita kaɗai ke ganin kyanta. Ya ce a ransa, "Ni ne mai ciwo. In na haɗa da nata, ai ciwon zai fita da saiwarsa." Haka ya shanye maganin matarsa tas, ya ji garau, ya ci gaba da danna ham.

Da cikin ya kai wata bakwai, Kande ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Sabon Wuse, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Can ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Murna wajen Usmanu ba a magana. A fili yana sunkuyar da kai, don ba a rawar kai a kan ɗan fari, amma a ɓoye ya sayi raguna biyu, ya aika wa makaɗan kalangu, ya gayyato duk abokan aikinsa.

Ranar kwana uku da haihuwa, Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifin Kande, ta zo ta same shi yana wanke mota. Ta ce, "Usmanu, idon yaron nan ya kumbura, mugunya sai fita take yi. Mun ɗiga nono, mun sa kwalli, abin sai gaba yake. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka zo da motar nan mu kai shi asibiti, ko da ba a yi suna ba."

Maganar Romanus ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya san ciwon, ya san inda ya fito, ya kuma san in an je asibiti za a tambayi uban yaro. Ga suna saura kwana huɗu, ga baƙi za su zo.

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Gwaggo, ɗan fari ne fa. Ni in ɗauko shi a mota tun ba a raɗa masa suna ba? Da wane ido zan dubi surukaina? A bari a yi suna tukuna."

Gwaggo Rabi ta koma tana yaba shi. Ta ce Usmanu duk da cuɗanyarsa da 'yan boko bai yar da kunya ba. Wallahi duk labarin nan ba abin da ya fi wannan yabon ƙona mini rai.

Ranar suna Sabon Wuse ta ɗauka. Landiroba uku suka jeru a ƙofar gida, kalangu na tashi, mata na rangaɗa guɗa, maroƙi na ta kwarara sunan Usmanu. Aka raɗa wa yaro suna Haruna, aka yanka raguna. Usmanu sai washe baki yake yi cikin sabuwar shadda.

Da hantsi wanzami ya shiga aski. Yana buɗe zanen jaririn ya ga idon, sai ya mayar da askarsa cikin zabira, ya fito har tsakiyar taro ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Ku tashi yanzu ku kai shi asibiti!"

Kiɗa ya tsaya cak. Usmanu ya figi mota, Kande a baya tana rungume da ɗanta. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya mai suna Adenike ta wanke idon, likita ya duba. Adenike ce ta fito ta same su, ta ce, "Yaushe ya fara?"

Kande ta ce, "Yau kwana biyar."

Adenike ta dafe kai. "Da ranar kuka kawo shi, allura ce da maganin ɗigawa, shi ke nan. Yanzu ciwon ya cinye idon duka biyu. Ciwon sanyi ne, wajen haihuwa ya ɗauka. Maigida, ba a taɓa ce maka ka kawo matarka ba?"

Usmanu ya kau da kai. Kande ta juyo ta dube shi. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage shi ba. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ashe ka sani?"

Ya gyaɗa kai, hawaye na zuba a kan shaddar. Ta gyara wa yaron zane ta ce, "Ni da ka faɗa mini, kuka zan yi kwana biyu in haƙura. Shi kuwa ko fuskata ba zai taɓa gani ba."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mafi alheri shi ne mutum ya tsare kansa daga neman mata tun farko. In kuwa ƙaddara ta faɗa masa, to ya sani ciwon sanyi ba na mutum ɗaya ba ne: ya faɗa wa iyalinsa gaskiya, su tafi asibiti tare, kowa ya sha nasa magani har ƙarshe. Jaririn da idonsa ke fitar da mugunya kuwa ba ya jiran suna. Kunya abu ne mai kyau, amma wanda ya fake da ita don ya rufe laifinsa, wanda bai ji ba bai gani ba ne zai ɗauki wahalar har iyakar rayuwarsa.