Hajiya Barira da 'Yan Fim na Danau Kota

Akwai wata dattijuwa, Hajiya Barira, wadda ta yi tashe a wasannin talabijin na Kaduna tun zamanin da ake ɗaukar shiri da kyamara ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana fitowa duk mako, har aka daina yi da ita.

Bara 'yarta ta kawo ta Kuala Lumpur duba ido. Aka ajiye ta a hawa na ashirin na wani dogon bene a unguwar Danau Kota. Zama ya gagare ta. Ta leƙa taga, ta kunna talabijin, ta kashe, ta sauka, ta hau. Ba wanda ya san ta.

Wata rana ta tarar da ɗalibanmu da ke karatu a can suna ɗaukar fim a gaban mamak, wato gidan shayin unguwar. Daraktansu, Maikano, yana ta yi wa wata yarinya Ihsan tsawa saboda ta manta maganarta.

Hajiya ta matsa ta ce, "Ɗana, in ka bar ta ta numfasa, za ta tuna."

Ya ce, "Mama, please lah, wannan ba tashe ba ne. Ki matsa, kina shiga mana kyamara."

Abin ya sosa mata rai, amma ta ja kujera gefe. Kullum sai ta sauko, ta zaunar da Ihsan, ta koya mata inda ake ajiye numfashi da inda ake kai ido.

Ranar ƙarshe, wadda za ta fito a uwa ta ƙi zuwa. Hadari ya haɗo, mai mamak ya ba su awa ɗaya. Maikano ya rasa inda zai sa kansa. Ihsan ta ce, "A gwada Mama mana."

Sau ɗaya Hajiya ta karanta takardar wasan. Aka kunna kyamara, ta zama uwar da aka gaya wa rasuwar ɗanta. Ba ta yi kururuwa ba, kofin hannunta kawai ta ajiye a hankali. Har masu shan shayi suka juyo suna kallo. Maikano ya manta bai ce a tsaya ba.

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, ruwa zai sauko. Saura fitowar Ihsan."

Darasi: Kada ka raina tsoho don ba ka ga ƙuruciyarsa ba, hanyar da kake taƙama da ita wani ne ya share ta. Ku tura wa matasanmu su karanta.